Sunaye Ukun da Na'ura Ba Ta Gani Ba

Samarin da ke zuwa shagona yanzu sukan tsaya a bayana su ga na danna maɓalli, ƙofa ta buɗe a cikin gem, wani ya sami zinariya, wani ya rufta rami, sai su ce ai wannan aikin kowa ma zai iya. Makon jiya wani da ya gama sakandare ya ce in ba shi kwana uku kawai, zai koya ya je ya buɗe nasa shagon a Gummi. Ban yi masa gardama ba. Na ce ya zauna in gaya masa yadda na koya, da abin da maɓallin nan ya taɓa jawo mini. Abin da na faɗa masa shi nake rubutawa a nan, don na gaji da maimaitawa.

Sunana Lawali, a Anka aka haife ni, kuma da gyaran waya na fara. Wanda ya sa ni a wannan hanya wani Bayerabe ne Musulmi, mutumin Ilorin, muna ce masa Oga Rasaki. Gyaran injinan niƙan dutse na masu haƙar zinariya ya kawo shi garinmu, amma yana da wata tsohuwar laftof da ba ya rabuwa da ita. A cikinta na fara ganin gem ɗin gini. Duniya ce guda da aka yi da bulo-bulo: ka haƙa ƙasa, ka sare itace, ka gina gida ko gari in ka so. Yawancin masu buga shi a nan suke tsayawa. Amma akwai wani bulo na musamman da ake rubuta umurni a cikinsa, a haɗa shi da maɓalli. In an danna, sai gem ɗin ya aikata abin da aka rubuta. Sana'ata ita ce rubuta wa bulon nan umurni, musamman umurnin ƙuri'a, wato a sa na'ura ta fitar da abu ɗaya daga cikin masu yawa ba tare da kowa ya san wanda zai fito ba, har ni da na rubuta.

Aikin farko da Oga ya ba ni ɗaki ne mai akwatin jefa kaya. Akwatin yana da gurbi tara, duk lokacin da aka danna sai ya cillo abu daga gurbi ɗaya. Ya ce in zuba kaya iri biyar, kowanne ya sami rabo daidai da ɗan'uwansa. Cikin minti goma na gama, na kira shi ina murmushi. Bai ko dubi allon ba. Ya yago takardar buhun siminti ya ba ni da guntun fensir, ya ce in danna sau ɗari uku, duk abin da ya fito in ja masa layi. Tun hantsi nake dannawa har aka kira azahar, yatsana ya yi tsami. Da na ƙirga, sai na ga burodi ya fito kusan ninki biyu na takobi. Ashe na zuba burodin a gurbi biyu ban lura ba. Oga ya ce mini na'ura ba ta da dangi kuma ba ta ƙarya, amma abin da na nuna mata kaɗai take gani, kuma ba za ta taɓa gaya mini na yi kuskure ba. Ya ce duk ƙuri'ar da ban gwada da takarda ba kada in fito da ita gaban mutane. Wata takwas na yi a hannunsa, rabin lokacin jan layi nake a takardar siminti.

Hanyar da na fi ƙwarewa a kanta ita ce ta mutum-mutumi. Akan jera su a fili a cikin gem, kowanne a rubuta masa suna a saman kai. Sai a rubuta umurnin da ke cewa a ɗauko ɗaya daga cikinsu, ko wanne ne, a ɗora shi kan dandamali. Mutane sun fi yarda da wannan hanyar domin kowa yana ganin sunansa a tsaye a allo. Sai dai dole ka faɗa wa umurnin iyakar inda zai duba, in ba haka ba zai je ya ɗauko wani mutum-mutumin daga wani ɗakin da ka gina can gefe. Ni taku ashirin nake sa masa. Duk wanda ke cikin taku ashirin daga bulon yana cikin ƙuri'a, wanda ya wuce nan kamar babu shi.

Da Oga ya koma gida ya sayar mini da laftof ɗin. Na haɗa ta da talabijin babba, na sa sola biyu a rufin shago da batir da ƙaramin janareta. Yara kan biya su shiga ɗakunan da na gina, manya kuma suka fara kawo mini nasu matsalolin. 'Yan kabu-kabu na tashar gefenmu suna rigima kan wa zai tsaya a ƙofar kasuwa ranar da take ci, na yi musu fili mai suna goma sha takwas, duk mako su zo su danna, rigima ta mutu. Ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni a wurina suke fitar da wa zai kara da wa. Wata rana limamin unguwarmu ya shigo da kansa, don an gaya masa caca ake yi. Ya zauna ya kalli komai, ya tambaye ni ko ana zuba kuɗi wani ya kwashe. Na ce ban taɓa yarda ba. Ya ce in tsaya a nan, kuma a nan na tsaya har yau.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda aka ɗauke sabis ɗin waya, mai ya yi wuya, hanyoyin daji suka zama sai mai ƙarar kwana. Mutanen wani ƙauye ta wajen Gwashi suka gudo Anka, aka sauke su a wani gini da ba a ƙarasa ba. Ƙauyen su matata Hadiza ne, kuma yayanta Haruna yana cikinsu da iyalinsa. Gero ya nuna a gonakinsu, ba mai iya zuwa. Sai mutanen daji suka aiko musu da saƙo ta bakin wani makiyayi da suka tsare a hanya: in suna son a bar su su yi girbi, su fara turo maza bakwai su girbe musu nasu gonakin. Ba a faɗi kwana nawa ba, ba a kuma ce za su dawo ba.

Mai garinsu ya ƙi zaɓar kowa, don duk wanda ya nuna za a ce ya bar nasa. Sun taɓa yin ƙuri'ar takarda a cikin hula a kan wani al'amari, aka ce mai riƙe da hular ya naɗe wasu takardun daban, har aka zare wuƙa. Wani daga cikinsu da ya ga abin 'yan kabu-kabu shi ya kawo shawarar a zo wurina.

Da la'asar suka iso, maza sun cika shagon har bakin titi. Kwana biyu ana hadari, sola ba ta yi caji ba, janareta ba mai, laftof saura kaɗan ta mutu. Mai gari ya miƙo mini takarda mai suna arba'in, ya ce gobe da safe za a tafi, yau ake so. Na ce ina bukatar lokaci in gwada. Ya ce ba su da shi. Na dubi batir, na ga ni ma ba ni da shi.

A cikinsu akwai wani dogon mutum, ɗan sa-kai, ana ce masa Mamman Dogo. Ya jingine bindigarsa ta toka a jikin ƙofata, ya tsaya daidai kafaɗata ina rubutu.

"Malam Lawali, wanga abu naka, da gaske ba shi da ɗan'uwa?"

Na ce ba shi da.

"To. Mun san kana auren ɗiyarmu. In na ji akwai hannu ciki, ba na'ura zan tambaya ba."

Na yi amfani da filin 'yan kabu-kabu, don gina sabo zai cinye cajin. Na share sunayensu, na jera sababbi biyu-biyu, layin ya miƙa ya yi tsawo. Ina gamawa wani ya ce an manta da Haruna, domin yana kasuwa lokacin da aka rubuta. Da hannuna na ƙara shi, shi kaɗai a layin ƙarshe, suka zama arba'in da ɗaya. Na zagaya da su a allo, kowa ya ga sunansa. Mai gari ya yi bisimilla ya danna sau bakwai. In suna ya hau dandamali sai mai shi ya sunkuyar da kai, na kusa da shi ya dafa shi. Na biyar Sani ne, ƙanen Mamman Dogo, wanda bai yi wata biyu da aure ba. Mamman ya ɗauki bindigarsa ya fita. Bayan minti kaɗan laftof ta mutu.

Washegari rana ta fito, su bakwai ɗin sun tafi da magirbi a kafaɗa. Da batir ya cika na buɗe filin don in mayar wa 'yan kabu-kabu sunayensu. Kafin in share, sabo ya sa na jawo takarda na fara dannawa ina jan layi. Na yi ɗari, akwai sunaye da ba su fito ba, wannan ba komai ba ne. Na yi ɗari uku, kowa ya fito sai mutum uku. Na kai ɗari shida, su ukun nan dai babu ko layi ɗaya a gabansu. Sai na sauka cikin filin na ƙirga bulo daga wurin umurnin. Layi na goma sha tara shi ne iyakar taku ashirin. Layuka biyu na ƙarshe suna waje. Mutum biyu ne a ɗaya, Haruna a ɗayan. Ko shekara aka yi ana dannawa ba za su fito ba.

Na rufe laftof ɗin, na rufe shago, na zauna a ciki. Da akwai sabis da na kira Oga Rasaki, ko don in ji muryar wanda zai gane cewa kuskure ne. A duk garin nan babu mutum ɗaya da zan nuna wa ya fahimci bambancin kuskure da ha'inci. Abin da kowa zai gani shi ne sunan surukina, wanda ni na rubuta, a wurin da na'ura ba ta kaiwa. Na ƙona takardar. Na share filin gaba ɗaya. Duk da haka in babur ya tsaya a ƙofar shago sai in saki linzamin kwamfuta in leƙa waje. Na daina bin hanyar ginin da suke zaune, na canza masallaci. Hadiza ta tambaye ni me ya sa ba na cin abinci, na ce zazzaɓi ne. Mamman Dogo kuwa kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a bencin mai shayi da ke kallon shagona. Ban san ko wani abu yake zargi ba, ko kuwa nan ne kawai ake ganin hanyar da za su dawo.

A kwana na tara mutum shida suka dawo, ƙafafu a kumbure, bayan ɗaya duk shatar bulala. Sani ba ya cikinsu. Suka ce an riƙe shi ne, kuma ba za a sake shi ba sai an turo wasu biyar su ƙarasa aikin.

Ranar da azahar suka sake cika mini shago. Wannan karon batir a cike yake, kuma na san za su zo, har na gina sabon fili mai zagaye, bulon umurni a tsakiya, kowa a kusa. Da na yi shiru, ƙuri'ar za ta fita daidai, ba wanda zai taɓa sanin abin da ya faru a ta farko. Na fara rubuta sunayen, an cire bakwai da suka riga suka je. Ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo yana zaune a ƙasa kusa da ni, don ba ya iya tsayuwa. Na ji yana gaya wa na kusa da shi cewa abin da ya riƙe shi a can shi ne ya san Allah ne ya fitar da sunansa, ba mutum ba. Na ci gaba da rubutu har na zo kan sunan Haruna, sai na tsaya. Na ɗago na ce wa mai gari, ranka ya daɗe, ina da magana kafin a danna.

Na faɗa musu komai. Na sake jera layin yadda yake a ranar farko, na ƙirga musu taku ashirin a allo suna kallo, na nuna musu layuka biyun da suka fita, na kira sunayen uku. Sai da na maimaita sunan Haruna sau biyu kafin a ji.

Mamman Dogo bai ɗaga murya ba. Ya matso ya tsaya a gabana, ya tambaye ni yaushe na sani. Na ce washegari.

"Kwana tara kana kallona ina zaune can, kana sane."

Na ce haka ne.

Wasu suka fara cewa a fito da ni waje. Wani ya fizge wayar talabijin, allon ya mutu. Na ga an ture bencin da ke bakin ƙofa don a buɗe hanya, na ga hannun Mamman a kan bindigarsa, na kuma ga babu wata ƙofar sai wadda suka tsaya a ciki. Mai gari yana ta cewa a saurara, ba mai jin sa.

Haruna ne ya kutso daga baya. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya yi magana a taro ba. Ya ce shi bai san komai a kan na'ura ba, kuma ba zai rantse a kan abin da ke cikin zuciyata ba. Amma tunda su uku ba su shiga ta farko ba, to ba sai an yi musu ƙuri'a ba, su ne ukun farko. Ya juya ya dubi sauran biyun. Ɗaya ya ce ya yarda. Ɗayan sai da aka fara kallonsa, sannan ya gyaɗa kai. Shagon ya lafa.

"Saura biyu," in ji Mamman. "Sa sunanka ciki."

Mai gari ya ce ai ni ba mutumin garinsu ba ne, ba ni da gona a can. Mamman ya ce hannuna ya riga ya shiga gonarsu. Na rubuta Lawali a kan mutum-mutumi, na tsayar da shi a gaba inda kowa ke gani. Aka mayar da wayar talabijin. Na ce ba zan bari a danna ba sai an gwada a gabansu. Malamin firamarensu ya riƙe takarda, na yi ta dannawa yana jan layi, suna tsaye cikin zafi, har kowane suna daga cikin talatin da biyu ya fito aƙalla sau uku. Nawa ya fito sau bakwai.

Mamman ya ce shi zai danna. Bai taɓa riƙe linzami ba, sai da na ɗora masa yatsa a wurin. Ya danna, wani magidanci ya fito. Ya dube ni, ya sake dannawa. Ban kalli allon ba, ƙasa nake kallo, sai da na ji an kira sunan wani. Mamman ya saki linzamin ya fita.

Bayan kwana goma sha ɗaya mutum huɗu suka dawo tare da Sani, ya rame har ba a gane shi ba. Haruna bai dawo ba. Sun ce ranar da za a sake su aka ware shi da wasu mutanen wani ƙauye, aka ɗora musu damman gero aka nausa da su cikin daji. Mutanen garin sun samu sun girbe abin da tsuntsu ya bari. An yi ta cigiya, an tambayi duk wanda ya kuɓuto daga wancan yankin, har yau ba wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace. Matarsa da 'ya'yansa huɗu suna gidanmu.

Shagon ya yi wata biyar a rufe, don ba uban da zai bar ɗansa ya shigo. Na koma gyaran waya a ƙarƙashin rumfa. 'Yan kabu-kabu ne suka fara dawowa, suka ce su dai a gwada a gabansu duk mako, na ce ko ba su ce ba. Har yanzu ina gina ɗakuna, ina fitar wa 'yan ƙwallo abokan karawa. An zo mini sau biyu daga wajen Bukkuyum da takardar sunaye irin waccan, na ce su tafi da ita wani wurin.

Hadiza ba ta yi mini maganar ba sai da aka shekara. Wata rana da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, 'ya'yan Haruna sun tafi makaranta, ina ɗaure takalmi zan fita, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, da ka yi shiru ka gyara abinka, da Yaya yana nan?"

Na ce ban sani ba, amma sunaye talatin da huɗu ne da za a fitar da biyar. In an yi ƙuri'ar sau bakwai, kusan sau shida yana gida.

Ta tsayar da rariyar.

"Ashe ka lissafa."

Na ce tun kafin in buɗe baki na lissafa. Ta dubi garin da ke cikin ƙwarya, sannan ta ce in na dawo in biyo da kananzir, ta ci gaba da tankaɗenta.